Wai Haka Zamaninsu Yake!

Akwai wata magana da na gaji da jin ta a bakin 'yan'uwana mata masu karatun littattafan soyayya na Turanci, musamman waɗanda suka mace a kan labaran mutanen kan dutse na ƙasar Sikotland. Da zarar kin buɗe baki kin ce, "Anya wannan jarumin naku ba azzalumi ba ne kuwa?" sai a yo miki caa a ka, a ce, "Haba Hajiya, ai haka zamaninsu yake, tarihi ne fa." To yau dai na ɗauki biro a kan wannan magana. Wadda ta ji haushi ta yi haƙuri, wadda kuma take da amsa, ga fili ga mai doki.

Bari in fara da yi wa wanda bai san dawar garin ba bayani. Sikotland ƙasa ce da ke arewa da Ingila, a tsibiri ɗaya suke, kuma can arewacinta babu komai sai duwatsu da tafkuna da hazo da sanyi mai ratsa ƙashi. Akwai wasu littattafan soyayya, ɗaruruwa, da ake kafa labarinsu a wannan yanki, a zamanin takobi da sulke, wato shekara ɗari bakwai zuwa ɗari tara da suka wuce. Ko daga nesa kika hango bangon littafin a wurin masu gwanjon littattafai za ki gane shi: wani ƙato ne ƙirji a waje, gashi har kafaɗa, takobi a hannu, ya ɗaura wani zane mai gidan dara iya gwiwa kamar mai shirin shiga wanka. Labarin kuwa kusan hanya ɗaya yake bi. Ƙaton nan shugaban danginsa ne, ba ya dariya, ba a musu da shi. Sai sarki ya ba da umarni a aura masa wata 'yar Ingila da ba ta taɓa ganinsa ba, ko kuma shi da kansa ya je ya sato ta a bayan doki. Ta yi kuka, ta yi tsiwa, ya daka mata tsawa, ya ce ke tawa ce kamar yadda dokina yake nawa. Kafin a kai shafi na ɗari uku ta narke, shi ma ya narke, dangi sun karɓe ta, an haifi ɗa namiji, an rufe littafi.

Abin da yawancin masu karatun ba su damu su bincika ba shi ne su wa ke rubuta su. Galibi Amurkawa ne. Uwar gayya a fagen, Julie Garwood, wadda ta rasu a 2023, haifaffiyar birnin Kansas ce a tsakiyar Amurka. Monica McCarty 'yar Kalifoniya ce, Maya Banks daga Tekzas take, Lynsay Sands kuwa 'yar Kanada ce. Ba laifi ba ne mutum ya yi rubutu a kan ƙasar da ba tasa ba. Amma ki riƙe wannan a ranki, za mu dawo kansa.

Littafin Garwood da ya fi tashe shi ne The Bride, wato Amarya, wanda ya fito a 1989. Labarin wata Jamie ne, autar wani basaraken Ingila da ya kasa biyan harajin sarki, sai aka hukunta shi da aurar da 'ya'yansa ga mutanen kan dutse. Aka ba wa wani Alec Kincaid ita, mutumin da ake raɗe-raɗin shi ya kashe matarsa ta fari. Baƙaƙen kaya ta saka ranar ɗaurin auren. Kada ki ce ban san daɗin littafin ba, na sani sarai. Matar nan ta iya ban dariya, ta iya sa jaruma ta yi wauta mai shiga rai, kuma a yi mata adalci, jarumanta ba sa ɗaga hannu su doki mace. A wani littafin nata, The Secret na 1992, wata Judith ce ta tsallaka iyaka daga Ingila don ta cika alkawarin da ta yi wa ƙawarta tun suna yara, cewa za ta zauna kusa da ita ranar da za ta haihu, har ta bi unguwarzoma tana koyon karɓar haihuwa saboda ita. Duk macen da ta taɓa hawa kan gwiwa ta san darajar wannan ƙawance, kuma a ganina shi ne zuciyar littafin, mijin ma rakiya ya yo. Idan mai karatu ta ce da ni saboda irin wannan take son littattafan, ni da ita babu faɗa.

Faɗan yana farawa ne a wani wurin. A cikin Ransom na 1999, jarumin, Brodick, yaudarar yarinyar ya yi, aka ɗaura musu aure tana kan doki tana amsa tambayoyin limamin coci ba ta san aure ake ɗaura mata ba. Masu karatu suna kawo wannan wuri a cikin wuraren da suka fi ba su dariya, wai ya nuna tsananin so. A cikin Outlander na Diana Gabaldon, wanda ya fito a 1991 aka kuma mai da shi fim mai dogon zango tun 2014, abin ya wuce nan. Shi labarinsa a 1743 yake, ya yi nisa da zamanin sulke, amma masu karatunsu ɗaya ne, hujjarsu ma ɗaya ce. Jarumin, Jamie Fraser, ya ciro ɗamarar fatar da yake rataye takobi ya zane matarsa Claire da ita saboda ta saɓa umarninsa ta jefa mutanensa cikin hatsari. Gaskiya ne ta yi faɗa da shi, gaskiya ne daga baya ya rantse ba zai sake ba. To amma ki tayar da zancen a gaban masoyan littafin ki ji. Mace mai digiri, mai aiki, wadda ko kallon banza mijinta ya yi mata sai ta haɗa kaya, ita ce za ta gyara zama ta ce miki, "Ai ba da idon yau ake kallon jiya ba, marubuciyar gaskiyar tarihi ta faɗa."

To madalla. Tunda tarihi ake so, mu zauna mu tantance shi.

Mu fara da zanen nan da ke bangon littafi. Babu wani ɗan Sikotland da ya ɗaura shi a shekarar 1100 ko 1300. Mutanen kan dutse na wancan lokaci doguwar taguwa suke sawa su yafa bargo a kai, irin shigar 'yan'uwansu na Ayalan. Babban mayafin da ake naɗewa a ƙugu da ɗamara sai a ƙarshen ƙarni na 16 aka fara samun bayaninsa a rubuce, wajen 1594. Guntun siket ɗin da ake gani yau a bukukuwansu kuwa ɗan ƙarni na 18 ne. Maganar cewa kowane dangi yana da nasa launin saƙar da ake gane shi da shi, wadda Garwood ta gina rabin rigimar Jamie da mijinta a kanta, ko za ta yafa mayafin danginsa ko ba za ta yafa ba, ita ma sabuwa ce fil. Bayan tawayen da aka murƙushe a 1746 gwamnatin Landan ta hana mutanen kan dutse wannan shiga, ba a ɗage dokar ba sai 1782. Sai a 1822, da Sarki George na Huɗu zai ziyarci Edinbara, marubucin nan Walter Scott ya shirya bikin tarbarsa ya ce manya su fito da shigar kan dutse. Nan fa masaƙa suka samu kasuwa, kowa ya zo sai a ce ga launin kakanninka. A 1842 wasu 'yan'uwa biyu masu kiran kansu jikokin sarauta suka buga littafi da suka ce tsohon kundin launukan dangi ne, daga baya masu bincike suka tabbatar ƙirƙirarsa suka yi. Ashe dai anko ne aka fitar, shekara ɗari bakwai bayan zamanin Alec Kincaid.

Haka ma auren gwajin nan na shekara guda da kwana ɗaya da littattafan ke yawan kawowa, wai in an ji daɗin juna a ci gaba in ba a ji ba a rabu. Masu binciken dokokin aurensu sun nuna kalmar da ake fassarawa haka, a zamanin sulke baiko take nufi, kuma Walter Scott ɗin nan yana cikin waɗanda suka yaɗa ɗaya ma'anar a littafinsa na 1820. Katafaren gidan dutse mai hasumiya da ake kai amarya, a farkon shekarun 1100 yawancin manyan ƙasar a ginin itace da ƙasa suke zaune. Har dankalin Turawa na taɓa gani ana dafawa a ɗaya daga cikin littattafan, alhali dankali daga Kudancin Amurka ya fito, Turai ba ta san shi ba sai bayan 1500. Ita kanta Gabaldon ta faɗa da bakinta cewa lokacin da ta rubuta littafinta na farko ba ta taɓa taka Sikotland ba, wani yaro mai siket da ta gani a wani tsohon shirin talabijin ne ya ba ta sha'awa. Fim ɗin Braveheart na 1995, wanda ya ƙara rura wutar wannan kasuwa, ya nuna William Wallace yana soyayya da gimbiya Isabella ta Faransa har da ciki. An kashe Wallace a Landan a 1305, lokacin yarinyar tana wajen shekara goma a gidan ubanta, ba ta zo Ingila ba sai 1308.

Sannan ina ƙwarƙwata? Ina ruɓaɓɓen haƙori? Ina agana da kuturta? Ina annobar da ta shiga Sikotland a 1350, wadda marubutan wancan zamani suka ce ta kwashe kusan kashi ɗaya cikin uku na jama'a? Jarumin littafi haƙoransa farare tas, kullum yana wanka a tafki, numfashinsa ƙamshi, ya shekara talatin yana yaƙi amma tabo ɗaya gare shi, shi ma a inda zai ƙara masa kyau. Ban taɓa jin mai karatu ta yi ƙorafi a kan wannan ba, kuma ni ma ba na yi, wa ke son soyayya da mai ƙwarƙwata? Tambayata ɗaya ce. Marubuciyar da ta iya tsince ƙwarƙwata daga kan jaruminta, ta wanke masa baki, ta ɗinka masa siket ɗin da ba a ƙirƙiro ba tukuna, me ya hana ta tsince mari da tilas? Ashe tarihi bai ɗaure mata hannu a ko'ina ba sai a nan?

Ni marubuciya ce, da kuɗina nake buga littattafaina, na san yadda ake haɗa miyar nan. Babu kalma ɗaya da ke shiga littafi da ƙafarta. Idan na sa jarumi ya ja yarinya da ƙarfi zuwa ɗaki, ni na sa shi. Idan na sa ta farka da safe tana murmushi tana jin kunyarsa, ni na sa mata murmushin, don ina iya sa ta farka tana amai don baƙin ciki. Rubuta zalunci a littafi ba laifi ba ne, duniya cike take da shi, dole a rubuta. Abin dubawa shi ne ladan da marubuciya ta biya azzalumin a shafin ƙarshe. A waɗannan littattafai ladan kullum ɗaya ne: ya samu yarinyar, ya samu zuciyarta, har ta gode masa da ya fi ta sanin abin da ya dace da ita. Wannan darasin marubuciya ce ta zaɓe shi a ɗakinta a Amurka, ta ɗora wa mutanen da suka mutu shekara ɗari takwas da suka wuce, waɗanda ba su da bakin kare kansu.

Kuma ma wa ya ce zamanin nasu bai san yardar mace ba? Tun zamanin Fafaroma Alexander na Uku, wanda ya yi mulki daga 1159 zuwa 1181, dokar cocinsu ta tsaya a kan cewa yardar namiji da ta mace ita ce ke ƙulla aure, kuma auren da aka tabbatar an yi shi da tsoratarwa ana iya warware shi. Sikotland ta riƙe wannan ƙa'ida fiye da maƙwabtanta, har zuwa dokar 1939 mutum biyu suna iya zama miji da mata da furucin bakinsu kawai. A wancan zamani matansu ma ba sa canza sunan gidansu in sun yi aure, kamar mu. Saboda haka abin da Brodick ya yi wa yarinyar nan a kan doki, ko a ma'aunin zamaninsa maguɗi ne.

Ba ina cewa ba a yi auren dole a can ba. An yi, mummuna ma kuwa, manya sun sha taka dokar in dukiya ta gifta. Sai dai kamanninsa daban ne da na littafi. A 1328 aka ɗaura auren David, ɗan Sarki Robert Bruce, yana shekara huɗu, da Joan 'yar sarkin Ingila tana shekara bakwai, don a rufe yarjejeniyar sulhu. Sun girma tare, ba su haihu ba, ya yi ta neman mata, a ƙarshe ta koma Ingila ta mutu a can. In kuma satar amarya ake so a gani ta gaskiya, ga labarin Muriel, magajiyar gidan Cawdor. Ubanta ya mutu ya bar mata ƙasa da gidan sarauta tana jaririya. Dangin Campbell, masu ƙarfi a lokacin, suka samo izinin riƙonta daga sarki, suka aiko mayaƙa suka ɗauke ta tana 'yar mitsitsiya, suka raine ta a wurinsu, wajen 1510 suka aura wa ɗansu ita tana kimanin shekara goma sha biyu. Ana ba da labarin cewa da za a tafi da ita sai mai renonta ta yi mata tabo a jiki, don kada yarinyar ta mutu a hannunsu su kawo wata su ce ita ce. Har yau gidan Cawdor yana hannun zuri'ar Campbell. Kin ga abin da ake sata ke nan: gona, da haraji, da ganuwa. Babu wanda ya kalli idon Muriel ya kasa barci.

Ga kuma abin da ya sami matan gidan Bruce, wanda shi ne ya fi tsaya mini a rai. A watan Maris na 1306 aka naɗa Robert Bruce sarki a wani wuri da ake kira Scone. Bisa al'ada gidan sarautar Fife ne ke naɗa sarki, amma magajin gidan yana hannun Ingilawa. Sai wata mace daga gidan, Isabella MacDuff, wadda mijinta ma abokin gabar Bruce ne, ta bar gidan mijin ta hau doki ta zo ta ɗora masa kambi da hannunta. Kafin shekarar ta ƙare aka ci Bruce da yaƙi, aka kama matansa a garin Tain, aka miƙa su ga Sarki Edward na Ɗaya na Ingila. Kin san me ya yi wa Isabella? Keji ya sa aka ƙera na katako da ƙarfe a ganuwar Berwick, aka saka ta ciki kamar aku, shekara huɗu, sai a 1310 aka fitar da ita zuwa gidan mata masu zaman ibada. Ƙanwar sarki, Mary, ita ma keji aka saka ta a Roxburgh. 'Yarsa Marjorie, yarinya 'yar wajen shekara goma, har an ba da umarnin a yi mata nata kejin a Landan, daga baya aka sassauta aka kulle ta a gidan ibada. Matarsa Elizabeth shekara takwas tana tsare, sai bayan yaƙin Bannockburn na 1314 aka yi musayarta da wani babban basaraken Ingila da aka kama. Babu ƙato mai siket da ya zo cikin dare ya fasa kejin. Monica McCarty, wadda a cikinsu ta fi kowa wahalar da kanta wajen bincike, ta ɗauki wannan Isabella ta yi littafi a kanta a 2011, The Viper, ta ƙirƙiro mata masoyi, ta fitar da ita, ta ba ta kyakkyawan ƙarshe. Ban ga laifinta ba, na ma ji daɗi da wata ta tuna da baiwar Allahn nan. Amma ai ta tabbatar mini da maganata: in marubuciya ta ga dama, ko ƙofar keji tana buɗewa.

Abin haushin, tarihin da suke fakewa da shi yana da matan da suka fi na littattafan nesa ba kusa ba. A 1338 rundunar Ingila ƙarƙashin basaraken Salisbury ta kewaye gidan sarautar Dunbar, maigidan ba ya nan, sai matarsa Agnes, wadda suke wa laƙabi da Baƙa, da 'yan tsirarun dakaru. Wata biyar tana riƙe da gidan. An ce in sun harbo duwatsu sun bugi ganuwa sai ta fito da kuyanginta su sa hankici suna kaɗe ƙurar don tsokana. An ce har ɗan'uwanta da ke hannunsu suka kawo da igiya a wuya suka ce za su rataye shi, ta ce su rataye, ita ce mai gadonsa. Suka gaji suka kwashe kayansu a watan Yuni. Ita kuwa mahaifiyar Sarki Bruce, Marjorie ta Carrick, abin da tsofaffin marubutansu suka ruwaito shi ne ita ce ta ga saurayi ya yi mata, ta sa aka ja linzamin dokinsa zuwa gidanta na Turnberry, ta ƙi sakinsa sai da ya aure ta, wajen 1271, sarki ya fusata ya ci ta tara. Ba ina yabon sata ba ne don mace ce ta yi, sata sata ce. Ina nuna miki ne cewa zamanin ya fi faɗin ramin da aka tura shi ciki.

Akwai wasu masu ra'ayi a ɗaya gefen, yawanci maza, waɗanda da sun ji wannan bayani nawa sai su washe baki su ce, "Yawwa, ai mun faɗa, shirme ne, mata ba su da aikin yi." Ku dakata Malam, ba da ku nake tafiya ba. Wata malamar jami'a a Amurka, Janice Radway, ta zauna da mata 42 masu karatun soyayya ta fitar da littafi a kansu a 1984. Abin da suka faɗa mata shi ne lokacin karatun nan shi ne kaɗai nasu na kansu, bayan sun wuni suna hidimar miji da 'ya'ya, kuma abin da suke nema a jarumi shi ne namijin da zai kula da su yadda suke kula da kowa. Sun ma ce littafin da mugunta ta yi yawa a ciki shara suke jefa shi. Wannan ƙishirwa ce ta gaske, wanda ya raina ta bai san zaman gida ba. Amma matan sun ƙara da cewa suna koyon tarihi da labarin ƙasashe a littattafan, kuma da wannan suke kare kansu in an ce suna ɓata lokaci. Nan gizo ke saƙar. Kunya ce ta sa ake fakewa da tarihi. Da mai karatu za ta fito fili ta ce, "Ni dai mafarki nake saye, na san ƙarya ne, ina son in ga ƙaton da kowa ke tsoro ya durƙusa wa mace," da na sara mata.

Me ya sa abin ya dame ni har haka, ni da ban haɗa komai da Sikotland ba? Saboda auren dole a wurinmu ba labarin shekara ɗari takwas ba ne, wasunmu da idonsu suka ga an fitar da yayyensu ana kuka. Iyayenmu a rubutu sun sha zagi a kan wannan batu. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta fitar da Wa Zai Auri Jahila? a 1990, inda yarinyar da aka aura wa tsoho ta gudu ta nemi ilimi. Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991. Littattafan wancan zamani sun nuna tilas da ɗacinta, yarinya ta faɗa rijiya, ta shiga duniya, ta kamu da ciwo, iyaye su yi da-na-sani. Sakamakonsu shi ne aka laƙaba musu adabin kasuwa, aka ce suna lalata tarbiyya, har ƙona littattafan Hausa aka yi a Kano a 2007. Wata 'yar boko ta taɓa ce mini a wurin biki, tana yatsina, ita ba ta karanta littattafanmu, wai kullum auren dole, kullum kishiya, babu wayewa. Na leƙa jakarta, ƙaton nan ne mai siket a ciki. Laifi tudu ne. Auren dolen da ta raina a Hausa shi take saye da tsada a Turanci, bambancin kawai namu ya ce abin da ciwo, nasu ya ce ki yi haƙuri zai yi daɗi.

Yanzu kuma abin ya biyo mu har gida. Ki duba labaran da ƙannenmu ke rubutawa a waya suna rabawa a WhatsApp da Wattpad. An cire siket an sa kakin soja ko babbar riga, an cire doki an sa mota mai baƙin gilashi, amma mutumin shi ne: miskili, mai kuɗi, ba ya dariya, an haɗa shi aure da 'yar talaka ba ta so, ya wulaƙanta ta, ya mare ta, ya afka mata da ƙarfi a daren farko har sai an kai ta asibiti, sannan a babi na arba'in ya fara kishinta, masu karatu su yi ta shewa. Su ba su da ma tarihin da za su fake da shi, a Abuja labarin yake, a bana.

Wata yarinya da ba ta wuce sha tara ba ta kawo mini irin wannan rubutu in duba mata, kuma wallahi tana da hannu, Hausarta ta fi ta wasu manya. Na tambaye ta me ya sa jaruminta yake dukan amarya. Ta ce, "Anti, haka masu karatu ke so, kuma ai ko a littattafan Turawa haka ake yi." Ban ce ta cire komai ba. Na ce ta je ta ƙara mini babi ɗaya tak, na washegarin daren, daga bakin yarinyar, tun daga lokacin da ta buɗe ido har ta iya tashi ta kai kanta banɗaki, kada ta tsallake ko minti ɗaya. Bayan sati biyu ta kira ni ta ce ta gwada sau uku, babin ya ƙi rubutuwa, duk sanda ta kai tsakiya sai ta ji ba ta son mutumin kuma, ga shi saura babi talatin ya zama masoyi.